Yadda zaka riƙe mutane in an ɗora ka a gaba, kowa da halinshi

Ni tela ne, shagona na Tudun Wada a Zariya, kuma abun da zan faɗa ɗinnan ba a aji na koye shi ba, a bakin keke na koya da kuma 'yan shekarun da aka maƙala min ciyaman ɗin kwamitin layinmu, wanda wallahi ya fi ɗinkin Sallah cin rai. Na san a Kongo, reshen jami'ar ABU dake nan garin, akwai masu karanta harkar mulki da gudanarwa har su yi digiri a kai, Allah ya ƙara musu basira, amma yawancinmu haka kawai ake wayar gari ace kai ne babba, ko shago ya buɗe ka ɗebi yara, ko a tsaya a ƙofar masallaci bayan isha'i ace Malam kai zaka riƙe mana kuɗin gyaran taransifoma, shikenan ka zama shugaba ba tare da kowa ya zaunar da kai ya nuna maka komai ba. To da irinmu nake magana.

Kuskuren da na daɗe ina yi shine ɗauka cewa adalci yana nufin in bi da kowa ta hanya ɗaya. Ka duba lokacin anko mana, abokan ango su biyar su kawo shadda kala ɗaya daga dila ɗaya, kuɗin ɗinki ɗaya ranar karɓa ɗaya, amma in ka kuskura ka yanka musu duka da awon mutum ɗaya to huɗu zasu dawo maka da kaya suna kumfar baki. Kuɗin ɗinkin da ranar karɓar sune doka, lokacin zuwa aiki, rabon kuɗi, hukuncin wanda ya taɓa kayan mutane, waɗannan basa canzawa ma kowa ko ɗan wa ne. Awon kuma shine yadda zaka yi ma mutum magana, da inda zaka yi mishi ita, da irin aikin da zaka ɗora mishi. Mutane da yawa juya abun suke yi, doka ta riƙa lanƙwasa in ta zo kan ɗan gaban goshi, amma tsawa iri ɗaya ma kowa da kowa.

Kuma wannan ba sabon abu bane a wajenmu, duk wanda ya zauna a zaure gaban malami a cikin gari ya ji shi. Wani ya zo wajen Manzon Allah (SAW) yace a yi mishi wasiyya, aka ce mishi kada ka yi fushi, ya sake tambaya aka sake maimaita mishi. Wani ya zo da kusan irin tambayar aka ce mishi kace na yi imani da Allah sannan ka tsaya a kai. Abu Zarri, mutumin da babu mai shakkar gaskiyarshi da gudun duniyarshi, ya nemi a bashi muƙami aka ce mishi kai mai rauni ne kuma ita amana ce. Khalid ɗan Walidu kuwa watanni kaɗan da musuluntarshi ya karɓi tuta a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, aka kira shi takobin Allah. Kaga duk sahabbai ne duk mutanen kirki ne amma ba kaya ɗaya aka ɗora musu ba. Sannan ga aya ta 159 a Ali Imrana da take cewa da ka kasance mai kaushin hali mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse sun bar ka, kuma a cikin ayar ne aka ce ka yi shawara da su. In an faɗa ma mafificin halitta haka, ina ga ni da kai masu keke shida da janareta ɗaya.

Toh ta ina za'a fara. Ka fara da rufe bakinka ka buɗe ido. In an kawo maka sabon yaro ko an baka sabon kwamiti kada ka yi saurin yanke cewa wane kaza ne, sati biyun farko kowa salihi ne, kowa na rusunawa yana ina kwana oga. Wurare uku nake kallon mutum. In an kawo abinci an ajiye a tsakiya, wa ke fara kai hannu kan nama, wa ke tuna cewa an aiki ɗaya kasuwa ya ce a rage mishi. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wani zai fara tsaki da zagin 'yan nefa, wani ya jawo waya ya shiga TikTok, wani kuma baka ce mishi komai ba zaka ga ya ɗauki allura ya koma bakin ƙofa yana saka maɓalli. Sai kuma goman ƙarshe na azumi, lokacin da babu barci kwastoma na tsaye a kanka, nan ne kowa ke fito da asalin halinshi har da kai ogan. Ina da wani littafin awo da ya cika, a bayanshi nake rubuta irin waɗannan abubuwan, ba dan in kama wani ba, dan dai mutum yana da mantuwa kuma abu na ƙarshe da yaro yayi maka shi zaka riƙe ka manta da watanni shida na kirkinshi.

Wani ɗan wana dake karatu a Samaru ya taɓa nuna min wani gwaji a waya, Myers-Briggs, wai ka amsa tambayoyi ya jefa ka cikin kashi ɗaya daga kashi 16 na mutane. Na yi dariya nace yayi kyau, in kana da data ka gwada ba laifi, amma mutum ne ke amsa tambayar da kanshi a kan kanshi, kuma wa zai ce ni malalaci ne? Ni dai kwanon abincin nan ya fi faɗa min gaskiya.

Bari in fara da mai zafi tunda shi ya fi tsorata sabon shugaba. Mai zafin zuciya yawanci shine mai zafin nama, kafin wani ya gama wando ɗaya ya gama biyu, kuma abun dake bakinshi shine a cikinshi. Dokar zama da shi ɗaya ce, kada ka taɓa gyara mishi a gaban mutane kuma kada ka gyara mishi a lokacin da abun ya faru. Na yi asarar yaro a kan wannan kuma har yau abun na ci na. Ya haɗa wuyan kaftani ya ɗan karkace, mai kayan na zaune a benci, na ɗaga rigar sama nace kai wannan ɗinki ne ko hauka, shekara nawa kana nan har yanzu baka iya wuya ba. Bai ce uffan ba, ya cire tef daga wuyanshi ya ninke ya ajiye a kan keke ya saka takalmi ya fita, kuma fitar kenan. Yanzu yana da shagonshi a Sabon Gari, muna gaisawa, amma kwastomomi na da yawa can suka bi shi. Wuyan nan minti goma ne a farke a mayar.

Abun da nake yi yanzu shine in karɓi rigar in ce ma mai ita Alhaji a bamu zuwa la'asar akwai ɗan abun da zamu ƙarasa, in bari sai mun fito sallah muna tafiya mu biyu, sannan ince ɗazu wuyan nan ka lura kuwa? Kusan kullum shi zai ƙarasa maganar, yace wallahi oga na gani sauri ne. In kuma shine ya taso maka da faɗa to ka bar shi ya zazzage duka, kada ka katse shi kada kuma ka ce mishi yi haƙuri tun bai gama ba dan wannan kalmar a lokacin kamar fetur ce, in ya gama ka ce na ji, bari mu yi magana bayan magariba. Amma ka tabbata kun yi ta ɗin. Kuma ka bashi aikin da ke buƙatar zafin, bin bashi, zuwa wajen masu bugu a karɓo kaya a kan lokaci, tsayawa a kan mai gyaran janareta. Kada ka haɗa shi da tsohon kwastoma mai son a zauna ayi ta hira a kan kalar zare.

Shiru-shiru kuma shine wanda aka fi zalunta ba tare da an sani ba, sabida baya ƙorafi sai a riƙa jibga mishi aiki, in za'a ƙara ma wani kuɗi kuma a ba mai baki. Ka sani shirun nan ba yarda bace, lissafi yake yi, ran da ya cika zaka wayi gari ya daina zuwa babu ko sallama ka rasa me ka yi mishi. Irin wannan in ka tambaye shi ra'ayinshi a cikin mitin zai ce duk yadda aka yi daidai ne, dan haka kafin mitin ɗin zaka same shi shi kaɗai, kuma kada ka ce akwai matsala? dan zai ce babu. Ka tambayi abu takamaimai, kace keken nan naka naji ƙararshi ta canza me ke damunshi, ko kace cikin rabon aikin satin nan wanne ne ya fi cin lokaci. Sannan ka jira. Jiran ne wahalar, zaka ji kamar ka cike shirun da naka surutun, ka daure.

Akwai wani daren jajibirin Sallah da bazan manta ba, wajen ƙarfe biyu, janareta na ta ƙugi a waje ƙaurin fetur da na sitati sun cika shagon, kowa ido yayi ja, sai na ji ƙauri daban. Na waiga na ga yaron nan shiru-shiru a tsaye gaban teburin guga, dutsen a hannunshi a sama, ga shatin dutsen ruwan ƙasa ƙiri-ƙiri a kan farar gezna daidai ƙasan aljihu. Hannunshi na rawa. Sauran yaran duk sun tsayar da keke suna jiran a ga yadda zan yi da shi. Wallahi maganar ta zo min har maƙogwaro, sai na tuna tef ɗin nan da aka ninke min a kan keke, nace kowa ya cigaba da aikinshi, kai kuma ajiye dutsen ka je ka wanke fuskarka ka dawo. Akwai ragowar yadin, muka farke gaban muka sake yankawa, ni da shi har asuba bamu yi magana ba sai miƙo almakashi miƙo zare. Bayan Sallah na zaunar da shi na faɗa mishi nawa asarar ta kama da nawa za'a cire a nashi, daidai da yadda da za'a cire ma kowa, ya ce ya yarda. A wannan zaman ne ya faɗa min cewa dutsen ya daɗe da lalacewa baya yanke wuta da kanshi, ya fi wata yana lallaɓa shi, tsoron faɗa yake kada ace shi ya lalata. Kaga rabin laifin nawa ne kenan, sai na raba kuɗin biyu.

Sai gwani. Kowane waje akwai shi, wanda ya fi kowa iyawa kuma ya san ya fi kowa iyawa, wani lokacin har kai ya fi ka. A nan ne shugabanni da yawa ke faɗuwa dan sai kishi ya shigo a fara neman inda za'a dusashe shi. Ka je cikin gari ka kalli tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, har yau in kace Babban Gwani kowa ya san wa kake nufi, kuma hakan bai rage ma sarkin komai ba, sunanshi na nan tare da ginin. Gwani ka faɗa mishi abun da kake so da ranar da kake so ka kauce, kada ka tsaya a kanshi kana koya mishi riƙon allura. Ka yabe shi a gaban kwastoma da sunanshi, kace wannan aska takwas ɗin ba ni na yi ba wane ne, yabon gwani ai ya zama dole. Amma ga inda zaka tsaya ƙyam, lokacin zuwa da shara da ladabi ma na gaba, duk abun da ya hau kan ƙaramin yaro ya hau kanshi. Ran da ka bari gwani ya zo sha ɗaya ka yi shiru, ka yi ma wani tsawa dan ya zo tara da rabi, ran nan ka rasa shagon gaba ɗaya ko da kowa na zaune a kan kekenshi. Dabara ɗaya da ta min aiki ita ce in bashi yaro ɗaya ince wannan naka ne, in ya iya kai ka koya mishi in ya lalace kai ne, nauyin nan yana sauke girman kai fiye da duk wani wa'azi.

Akwai wasu da basa buƙatar dogon bayani. Ɗan an gama oga, wanda kafin ka rufe baki yace an gama kuma ba'a fara ba, shi kada ka karɓi baki, ka ce maimaita min me nace, ka bashi lokaci ƙayyadadde irin kafin azahar, dan in kace anjima ko gobe to ka bashi sati, sannan ka leƙa a tsakiya tun kafin lokacin ya cika. Mai surutu da barkwanci kada ka kashe mishi baki, shine ke riƙe mutane a farke a daren aiki, ka sa shi tarbar kwastoma da amsa waya amma ka nisanta shi da littafin kuɗi da sirrin mutane. Mai nawa kuma ka fara dubawa ko nawar ta tsafta ce, dan wani a hankali yake amma ba'a taɓa dawo da aikinshi ba, wannan ka bashi manyan kaya masu tsada ka daina gwada shi da mai sauri.

Wanda zan ɗan tsaya a kai shine ɗan kawo rahoto, mai zuwa bayan kowa ya tashi yace oga ba gulma ba amma ka san me wane yace? Yana da daɗi a kunne, zaka ji kamar kana da ido a ko'ina, to ka sani yadda ya kawo maka haka yake kai naka. Maganinshi sauƙi ne, kace to madalla bari in kira wanen ka maimaita a gabanshi. Sau ɗaya zaka yi. Amma in maganar ta sata ce ko ta cutar da wani to ka bincika da kanka a ɓoye kada ka watsar dan kawai bakin da ya kawo ta bai maka ba.

Abun da ya fi bani wahala a kwamitin layi shine shugabantar wanda ya haife ni ko ya girme ni nesa. A nan Zariya kana ciyaman amma a cikin mitin akwai wanda ya goya ka, akwai liman, akwai tsohon ma'aikacin reluwe da ya ga jiya ya ga yau, bazaka buga tebur kace oda ba. Abun da na koya shine ba'a kai ma dattijo magana sabuwa a cikin taro. Kwana ɗaya kafin mitin zaka je gida ka same shi a zaure ka cire takalmi ka zauna ƙasa, kace Baba ga abun da muke tunani a kan kuɗin kwalbati amma munce bazamu yi komai ba sai mun ji ta bakinku. Zai gyara maka wani abu, wani lokacin gyaran na gaske ne dan ya san rigimar filin da kai baka sani ba, wani lokacin kuma dan dai ace ya saka hannu ne, duk ka karɓa. Gobe a taro shi zai tashi ya kare maganar kamar tashi. In kuwa ka tsallake shi ya fara ji a bainar jama'a to ko maganar zinari ce sai ya nemo mata aibu, kuma ba mugunta bace, ka nuna ma yara ne cewa ba'a bukatarshi. Haka nan in abu ya shafi unguwa kada mai unguwa ya ji a bakin wani, tsarin nan na mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har fada yana nan da ranshi, in ka raina shi ranar da rigima ta tashi zaka dawo nemanshi. Kuma dan Allah kada ka yi ma dattijo gyara a gurup ɗin WhatsApp.

Ɗan gida fa, ƙaninka ko ɗan yayarka da aka kawo aka ce gashi nan ka riƙe? Shi tun ranar farko zaka yi magana da wadda ta kawo shi a gabanshi, kace Yaya na karɓa amma a shago ba kawu bane ni, abun da ya hau kan kowa zai hau kanshi, in kin ji an hukunta shi kada ki kira ni. Dan in baka yi wannan ba duk ranar da ka mishi faɗa kafin ka isa gida labari ya riga ka. Kuma kada ka wuce gona da iri wajen matsa mishi dan a ce kana da adalci, na ga masu yin haka, shima zalunci ne.

Akwai kuma mutanen da kake shugabanta baka ganinsu, irin matan cikin gari da muke aika ma aikin hannu na babbar riga da hula suna yi a cikin gida. Tsakaninku sai ɗan aike, kuma ɗan aike yana rage magana yana ƙara mata gishiri. Su abun da ke riƙe su biyu ne, bayani a fili tun farko, zare kaza kala kaza rana kaza kuɗi kaza, in da hali ka yi ta waya da bakinka ko ka tura murya, sai kuma biya a ranar da aka kawo aiki ba sai kwastoma ya biya ka ba. In aiki bai yi ba kada ka aika yaro da faɗa, ka kira kace Hajiya sannu da ƙoƙari, wajen aljihun nan ne nake so a ɗan ƙara cikawa.

Duk wannan dabarun banza ne in kai kanka ba'a yarda da kai ba, kuma yarda a kan kuɗi take fara karyewa. Kuɗin jama'a kada ya kwana a aljihunka tare da naka ko da niyyarka fara ce tas, dan ranar da ka ci bashin dubu biyu da niyyar mayarwa gobe ka buɗe ƙofa. A kwamitinmu abun da muka yi shine mai karɓa daban mai rubutawa daban, duk wanda ya bayar a rubuta a gabanshi, in taransfa yayi a tura shaidar a gurup, bayan sallar Juma'a a karanta abun da ya shigo da abun da ya fita har kuɗin ruwan leda. Wasu sunce ƙanƙanta ne, amma tunda aka fara masu cewa an ci kuɗi suka rasa abun faɗa. A shago ma haka, yaro ya san nawa ake biyan wando nawa ake biyan riga kafin ya hau keke. Sannan in ka yi kuskure ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda suka gani. Na taɓa yanka yadin mutum da awon wani, ni da kaina ba yaro ba, na tara su nace ku gani nan ni na ɓata kuma daga aljihuna za'a biya. Bayan nan ne yara suka fara kawo min ɓarnarsu da kansu tun tana ƙarama maimakon a tura ƙarƙashin tebur. Babba juji ne ai, wasu maganganun zaka ji ka yi kamar baka ji ba, ba duk tsaki bane ake tsayawa a bi kadinshi.

Wani lokacin kuma duk awon da ka yi rigar bata zama, dole a rabu. Sata da taɓa mutuncin kwastoma ko na yaran mutane ni bana jan su. Sauran laifuka kuwa gargaɗi tsakaninku, in ya sake a gaban shaida ɗaya, in ya sake a kira wanda ya kawo shi. In ta kai ga sallama ka biya shi haƙƙinshi cif a ranar, kada ka tozarta shi kada ka bi shi da baƙar magana wajen wasu teloli, garin nan ƙarami ne, gobe a jana'iza ko ɗaurin aure zaku haɗu sahu ɗaya.

Sai maganar makulli, wadda yawancinmu bama so. In shago baya buɗuwa sai kana nan, mitin baya yiwuwa sai kana nan, to kai ma ɗaure kake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kanshi a 1812 ya raba riƙon ƙasa, yamma a hannun ƙaninshi Abdullahi, gabas a hannun ɗanshi Muhammadu Bello, shi ya koma ga karantarwa. Ka zaɓi wanda zaka fara bar ma wuri, kuma ba lallai gwanin ba, ba lallai wanda ya fi daɗewa ba, wanda sauran ke kai ma ƙara da kansu in baka nan shi zaka duba. Ka sanar a gaban kowa cewa in bana nan maganarshi tawa ce, ka fara da rabin yini, sannan yini guda. Ni wanda na ba shine yaron nan na dutsen guga. Ranar farko na shiga mota a Kwangila zuwa Kano sayen yadi a Kantin Kwari, tun kafin mu kai Tashar Yari na ciro waya sau uku ina mayarwa aljihu, dan na san in na kira sau ɗaya to kowa zai gane har yanzu ni ke riƙe da wajen. Na dawo bayan isha'i na tarar ya karɓi ɗinki huɗu, ɗaya ya yi ragin da ni bazan yi ba, ya kuma canza ma keke biyu wuri wai haske ya fi a can. Ragin na mishi magana washegari muna hanyar masallaci. Kekunan kuma har yanzu suna inda ya ajiye su.